Tsohuwar kwandalar zinariya: a auna ta kafin a kai ta ga asid

Tun 2014 da samarinmu suka fara kwarara Jado, can arewacin Nijar, neman zinariya, maganar giram da karat, wato ma'aunin tsantsar zinariya, ta shiga bakin kowa a Damagaram, har yaron da bai taɓa riƙe zobe ba sai ka ji yana faɗin kuɗin giram na yau. Kuma da zinariya ta ƙara tsada sai aka koma buɗe tsoffin adakoki, ana zazzage ƙunshin tsumma na kakanni, a Birni da Zango da Sabon Gari duk labarin ɗaya ne, wata kwandala ja mai kan Nasara ko mai rubutun Larabci ta fito, gida ya ɗauki zance, wannan ya ce ta gaske ce wancan ya ce tagulla ce. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake lalata su wajen gwaji. A ciza, a goga a siminti, a kankare da zarto, a jefa a wuta, a zuba asid, kafin a gama gano gaskiya an riga an yi wa kwandalar raunin da ba ya gyaruwa.

Na taso kusa da rumfar maƙeran fari, kawuna sana'arsa kenan, to abin da na gani a wurinsu da wanda na karanta daga baya shi zan faɗa.

Tambaya biyu ce fa, mutane ke haɗe su. Ta farko, wannan abu zinariya ne? Ta biyu, kwandalar ta asali ce, wato gidan buga kuɗin gwamnatin da sunanta ke jiki shi ya buga ta? Kwandala tana iya zama zinariya amma ba ta asali ba. A shekarun 1950 an yi ta buga jabun fam ɗin Ingila a Italiya da Siriya da Bairut, da zinariya ta gaske, sau da yawa dai karat ɗinta bai kai ba, abin ya yi yawa har yana cikin dalilan da suka sa Ingila ta koma buga nata da yawa a 1957. Har gobe a kasuwannin zinariya na ƙasashen Larabawa ana sayar da kwaikwayon fam ɗin don kwalliya, wasu ma an buga musu 21 ƙarami a jiki don a nuna karat, ba a ɓoye ba. Alhazanmu sun sha sayo irinsu. To wannan ba damfara ba ce in an sayar maka da ita a matsayin abin da take, amma kada ka ɗauka fam ɗin Sarauniya Biktoriya ne ka gada.

Kuma mu tuna zinariya ba ita ce kuɗin kasuwarmu ba a da. Zamanin Sarki Tanimun da wuri ake ciniki, manyan fatake masu hulɗa da Tarabulus da Gadamas su riƙe liyari, wato babbar kwandalar azurfa mai kan Mariya Tareza. Ita wannan azurfa ce, giram 28 da ɗan ɗoriya, kuma dukansu 1780 ne a jiki ko da an buga su shekara ɗari bayan haka, saboda haka in wani ya kawo maka mai kan matar nan ja wur ya ce liyarin zinariya ne na 1780, ruwan zinariya aka yi mata. Kwandalolin zinariya ta hannun fatake da alhazai masu bin ƙasa ta Sudan suka shigo, sai kuma Faransawa bayan 1899, ga shi garin nan ne hedikwatarsu daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai. Shi ya sa iri uku aka fi gani a gidajenmu, ta Faransa, ta Ingila, da ta Turkawa ko Saudiyya.

Abin da ya sa gwajin ke da sauƙi shi ne waɗannan kuɗi ba da ka aka yi su ba, kowace tana da nauyi da faɗi da doka ta yanka. Ta Faransa mai faran 20, wadda suke kira Napoleyon, an buga ta daga 1803 zuwa 1914, nauyinta giram 6.45, faɗinta milimita 21, kashi 900 cikin 1000 zinariya ce sauran jan ƙarfe, wato tsantsar zinariyar ciki giram 5.8. Fam ɗin Ingila mai mahayin doki yana sukar dodo giram 7.98 ne, faɗi milimita 22, karat 22, tsantsar ciki giram 7.32. Ta Saudiyya da ake kira gini, ta 1370 da ta 1377 Hijira, awonta ɗaya da fam ɗin Ingila. Lirar Turkawa mai kurush 100 kuwa giram 7.2 ce, ita ma karat 22. Ka rubuta waɗannan lambobi a salularka, su ne makaminka.

To sai sikeli. Ba na masu tumatir ba, ɗan ƙaramin nan na batir da 'yan zinariya ke yawo da shi a aljihu, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Kafin ka yarda da shi ka gwada shi tukuna, ka sayi sirinji a farmasi, ka ɗora ɗan murfi ka mai da sikelin sifili, ka zuba ruwa mililita 5, ya kamata ya nuna giram 5 ko dab da haka. Ka kashe fanka, ka rufe taga in lokacin hunturu ne don iska kaɗan tana juya lambar. Kwandalar da ta sha hannu shekara ɗari tana iya rage ɗan kaɗan, Napoleyon ta nuna 6.42 ko 6.40, wannan ba komai. Amma ta nuna 5 da wani abu, ko 4, alhali faɗinta daidai ne ba a huda ta ba, to magana ta ƙare tun nan, ba sai an kira asid ba.

Dalilin kuwa, zinariya nauyi gare ta na ban mamaki. In ka cika mazubi ɗaya da ruwa ka cika irinsa da zinariya tsantsa, ta ninka ruwan sau 19.3. Darma da muke ganin ta fi komai nauyi 11.3 ce kawai, azurfa 10.5, jan ƙarfe 8.9, tagulla wajen 8.5. Kenan mai yin jabu da tagulla yana cikin tsaka mai wuya, in ya daidaita faɗi da kauri nauyi zai faɗi kusan rabi, in ya daidaita nauyi dole kwandalar ta yi ƙiba ko ta yi faɗi. Ba yadda zai yi ya samu ukun gaba ɗaya. Shi ya sa awon nauyi kaɗai bai isa ba sai an haɗa da faɗi da kauri, ka je garaji ko wurin masu walda ka ari ma'aunin nan mai baki biyu da suke auna ƙusa da shi, ka auna a hankali kar ka matse ya yi mata zane. Napoleyon siririya ce, kaurinta bai kai milimita ɗaya da rabi ba. In ka ga mai nauyin 6.45 amma kaurinta ya haura milimita 2, ajiye ta.

Akwai ƙarfe ɗaya da nauyinsa ya zo daidai da na zinariya, tangistan, ana cusa shi cikin sandunan zinariya da manyan kwandaloli. A ƙananan tsoffin nan bai cika faruwa ba don aikin ya fi ribar wuya, amma a sani.

Gwajin ruwa shi ne wanda na fi so don ba ya taɓa lafiyar kwandala ko kaɗan. Ka ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikeli ka mai da shi sifili, ka ɗaure kwandalar da zare siriri, ka saukar da ita cikin ruwan ta nutse duka amma kar ta taɓa gindi ko gefen kofin, hannunka na riƙe da zaren. Lambar da ta fito ita ce girman jikinta. Sai ka raba nauyinta da wannan lamba. Napoleyon ta gaske za ta nuna 0.37 ko 0.38, in ka raba ya ba ka wajen 17. Fam ɗin Ingila wajen 0.45. In tagulla ce mai nauyin Napoleyon za ka ga 0.75 ko fiye, bambancin a fili yake ko makaho ya laluba. Karat 18 zai nuna wajen 0.42. Amma gaskiya sikelin aljihu ba zai raba maka karat 21 da 22 ba, kumfa ɗaya da ta maƙale a jikin kwandalar ta isa ta canza lissafi, saboda haka ka maimaita ka ga ko lambar na tsayawa wuri ɗaya.

Maganaɗisu kuma, wanda yara ke cirowa daga tsohuwar sifika, mutane sun ba shi girman da bai kai ba. In ya kama kwandala to tabbas ba zinariya ba ce. In bai kama ba bai ce komai ba, don tagulla da jan ƙarfe da darma duka ba ya kama su. Dala biyu da dala biyar ɗinmu na sefa ma ja ne, wa ya taɓa cewa zinariya ce.

Daga nan sai ido, kuma nan ne tambaya ta biyu ke samun amsa. Ka ari gilashin masu gyaran salula ko agogo, ka fita haske. Kwandalar asali bugawa aka yi da inji mai ƙarfi, haruffa suna fitowa da kaifi, gashin kai ɗaya-ɗaya, filin da ba zane sumul. Ta zubi kuwa, wadda aka narka aka zuba a ƙwarya, haruffanta a kumbure suke kamar sun narke, filin yana da 'yan ramuka irin na bayan masa, wani lokaci ka ga layi siriri ya zagaye gefe inda ɓari biyu suka haɗu, ko alamar zarto inda aka goge shi. Tsufa daban zubi daban. Tsufa wuraren da suka fi tudu yake ci, kunci da saman gashi, ya bar lunguna da kaifinsu, zubi kuwa ko'ina dishi-dishi ne.

Gefen kwandala nan ne masu jabu suka fi kasawa. Fam ɗin Ingila gefensa zara-zara ne a jere daidai wa daida. Napoleyon kuma rubutu ne a gefenta. Mai hoton zakara a cikinsu, wadda aka buga daga 1899 zuwa 1914, daga farko har 1906 an rubuta Dieu protège la France, wato Allah ya kare Faransa, daga 1907 aka mai da shi Liberté Égalité Fraternité, bayan sun raba addini da gwamnati a 1905. Kuma in ka riƙe ta Faransa kai na tsaye ka juya ta daga sama zuwa ƙasa, bayan zai fito a tsaye, in ka juya ta gefe zai fito a kife. Wadda ta saɓa haka akwai alamar tambaya.

Shekara da hoto su ma sai sun yi daidai, wannan ilimi ne na kyauta da kowa zai iya dubawa. Napoleyon na Uku daga 1853 zuwa 1860 kansa ba komai, daga 1861 zuwa 1870 yana da rawanin ganye, to ka ga rawanin ganye da 1855 ka san wani ne ya haɗa a rumfarsa. Biktoriya ta rasu a 1901, ɗanta Edwad na Bakwai ne a kan fam daga 1902 zuwa 1910, sai Joji na Biyar daga 1911. Ƙaramin harafin da ke jiki kuma yana faɗin inda aka buga, A Paris ne, BB Sitirasbur, a fam ɗin Ingila M Melbon, S Sidni, P Pas, SA Piretoriya, I kuma Bombai wadda a 1918 kaɗai ta buga. Ta Turkawa shekarar hawan sarki ta Hijira take ɗauke da ita, 1293 na Abdulhamid na Biyu, 1327 na Muhammad Rashad, sai wata ƙaramar lamba mai nuna shekara ta nawa a mulkinsa. Wani abu kuma, kar ƙyalli ya sa ka yar da mai zakara, don tsakanin 1951 da 1960 Faransa da kanta ta sake buga su da tsoffin shekarun 1907 zuwa 1914, sabbi ne fil amma na gwamnati ne, zinariyarsu cikakka.

Masu yawo da dinari suna cewa na zamanin Annabi ne mai kalmar shahada a jiki, don Allah a yi hattara da su, suna shiga ta ƙofar son addini ne. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dinarin Rumawa ake kashewa. Dinarin Musulunci mai rubutu zalla sai a 77 Hijira, zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, nauyinsa miskali ɗaya wajen giram 4.25. Irin waɗannan da hannu aka buga su, ba su da da'ira cikakka, tantance su aikin masana ne, sikelin aljihu zinariyar kawai zai gaya maka.

Na taɓa raka wata gwaggona wurin wani tsohon maƙerin fari ranar Alhamis, kasuwar Dole ta cika maƙil, ta kunto kwandala daga bakin zane, an yi mata ɗan kunne na ratayawa a sarƙa. Yaron rumfar har ya ɗauko kwalbar asid, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ɗora ta a kan ɗan yatsa ya ɗan taɓa gefenta da wata kwandalar, ya kai kunne, ƙarar ta yi tsawo siririya kafin ta mutu. Ya auna, ya juya gefen yana karanta rubutun da gilashi, sannan ya ce, Hajiya wa ya sa miki wannan kunnen? Ta ce Malam haka na gaje ta wurin innarmu. Ya ce to Allah ya jiƙan Inna, kayanki na kirki ne, nauyin ya ɗan haura saboda kunnen da lahamin da aka liƙa shi da shi, in za ki sayar kar ki yarda a ce miki duka lahami ne a zaftare miki, kuma kar ki bari kowa ya sa mata zarto. Ta ce ni ba sayarwa zan yi ba Malam, so nake in sani kawai. Ya ce ai sanin ya fi. Ko dutsen gwaji bai ɗauko ba.

Ƙarar nan da ya saurara gwaji ce mai kyau amma sai kunnen da ya saba, darma da zubi ƙararsu a mace take, tif, sai dai tagulla ma tana da tata ƙarar, kuma kwandalar da aka yi wa lahami ko ta tsage tana iya rasa murya alhali ta gaske ce. Kar dai a jefa ta a siminti don jin ƙara.

Dutse da asid ba na cewa ba su da amfani, maƙera da su suke aiki tun kaka da kakanni, a goga ƙarfe a baƙin dutse ya bar zane, a ɗiga asid, in zanen ya ɓace ba zinariya ba ce ko karat ɗin bai kai ba. Ga ɗan kunne da warwaro da garin zinariyar daji wannan daidai ne. Ga kwandala kuwa matsala biyu ce. Gogawar tana cin gefe, kuma fatar sama kawai take gwadawa, in an yi wa tagulla ruwan zinariya mai kauri zanen zai tsaya cak ya ruɗe ka, shi ya sa sai ka ji an ce bari a ɗan kankara a ga ciki, daga nan an yi mata tabo na har abada. Ko na'urar nan ta manyan shaguna mai haska ƙarfe ta fito da karat a allo, ita ma sama-sama take karantawa. Sikeli da ruwa su ne ke faɗin abin da ke ciki. In har sai an yi asid to ya zama na ƙarshe, a gefe, a kan dutse, ba a ɗiga a fuskar kwandalar ba.

Kuma kar a wanke. Na san hannun matanmu da son ƙyalli, toka da lemun tsami da yashi da soson ƙarfe, duk suna barin zane. Masu tara tsoffin kuɗi sun fi son ta da dattinta, wankakkiya ko hudajjiya ko mai kunne kuɗin nauyinta kawai za a biya. Ruwa da ɗan sabulu da yatsa ya isa in dole ne. A nisanta ta da zaiba kuma, yanzu da 'yan daji ke shigowa da ita gari, ɗigo ɗaya ya taɓa zinariya sai wurin ya yi fari.

Yawancin Napoleyon da fam ɗin da ke hannun mutane an buga su miliyoyi, darajarsu ita ce ta zinariyar ciki da ɗan ƙari, kar wani ya sa maka rai da cewa ka yi arzikin da ba iyaka. Amma akwai shekaru da harufan da ba su da yawa, waɗanda kuɗinsu ya ninka na nauyi, shi ya sa narkarwa ba tare da an duba shekara da harafi ba ganganci ne.

Sai masu tukunya. Labarin ba ya canzawa, baƙo ne ya zo daga ƙauye, yana haƙar rijiya ko tushen gini ya ci karo da tukunya cike, tsoron hukuma yake ji, sauri yake, zai ba ka a rabin kuɗi amma kar kowa ya ji. Zai ba ka guda ɗaya ka kai a gwada, kuma ta gasken ce, sauran da ke cikin tsumma tagulla ce, ko kuma a musanya wadda aka gwada lokacin da ake naɗewa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ƙi a auna kowace ɗaya a gabansa da rana tsaka, a rumfar da kai ka zaɓa, ka bar masa kayansa. In ka duba irin waɗannan tarin ma sau da yawa duka shekararsu ɗaya, tabonsu ɗaya a wuri ɗaya, don daga ƙwarya ɗaya suka fito.

In kuma kai ne mai sayarwa, musamman kayan gado da marayu ke ciki, ka yi lissafinka tun daga gida. Tsantsar zinariyar ciki, 5.8 ga Napoleyon ko 7.32 ga fam, ka ninka da kuɗin giram na ranar, ka san inda ciniki ya kamata ya tsaya, mai saye zai rage ribarsa amma ragin ya zama na hankali. Ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe, ka rubuta nauyi da shekara a takarda gaban magada biyu ko uku, ka zaga rumfa fiye da ɗaya, kuma kar kwandalar ta shiga bayan kanta ko ɗakin ciki ba ka gani. Mai tara da yawa kuma ya tuna da zakka, nisabi miskali 20 ne wajen giram 85, Napoleyon 15 sun kai shi, fam kuma 12, sai ya tambayi malaminsa yadda zai fitar in shekara ta zagayo.